Keji Biyu a Gidan Alhaji Jibo

Mobilet ɗin, 'yar ƙaramar babur ɗinsa, ta sake mutuwa daidai fitar gari, kan hanyar Tibiri. Idirisa ya sauka yana tura ta yana zaginta da Faransanci, don zagi da Hausa ya yi wa bakinsa nauyi. Rana ba ta kai tsaka ba amma rigarsa ta riga ta manne da bayansa. A bayan mobilet ya ɗaure wani akwatin katako cike da garin katako, babu komai a ciki ban da shi. Ƙanƙara yake nema, a Maraɗi, a shekarar fari, lokacin da ko ruwan rijiya sai an yi masa layi.

Firigon ofishinsu na kula da dabbobi, wato firjin da ke yin ƙanƙara, ya rasa ranar lalacewa sai jiya. Tun da sassafe ya je otel ɗin da Turawa ke sauka, aka ce sai da yamma. Ya je kantin wani Balarabe Kwara, Kwaran ya ɗaga hannuwa sama. Saura Tibiri, inda abokinsa Hamidu yake majo, wato malamin asibiti, a ɗakin shan magani, yana da ɗan firigo mai aiki da kananzir.

Gaggawar ba ta banza ba ce. Gobe da safe jirgi zai tashi zuwa Yamai, daga can wani ya wuce Faransa, kuma a cikinsa dole a sami wani ɗan akwati mai sanyi ɗauke da ƙwaƙwalen ɓeraye. Idirisa ya yi karatun likitan dabbobi a can, kuɗin karatu suka ƙare kafin ya kai inda yake so, ya dawo gida. Da zai taho, furofesansa ya damƙa masa fararen ɓeraye da kwalbar wani sabon magani, ya ce in ya yi aikin da kyau ya aiko da ƙwaƙwalen, za a nema masa hanyar komawa ya ƙarasa. Watanni ke nan yana kwana yana tashi da wannan magana, har ya rame. Yau da yamma zai yanka ɓerayen, in har ya sami ƙanƙara.

Da ƙyar mobilet ta yi tari ta tashi. Ya isa Tibiri ya tarar da Hamidu a baranda yana wanke hannu, mata da yara sun cika inuwar bango, yawancinsu mutanen arewa ne da fari ya koro.

"A'a, Dakta Ɓera! Mi ya koro ka cikin ranag ga?"

"Ƙanƙara, Hamidu. Duk abin da ke gare ka."

"Jama'a na neman hatsi, kai kana neman ƙanƙara." Hamidu ya ja shi ciki yana dariya, ya buɗe firigon, ya fara ɓamɓaro ƙanƙarar da cokali a hankali, kamar wanda ba ya da wurin zuwa. "Wai don Allah mi kake nema cikin kan ɓera? Sata ce a ciki, kowa ya sani."

Idirisa ya dubi agogo. Amma an taɓo masa inda yake yi masa ƙaiƙayi, bai iya yin shiru ba.

"Ka san jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba su taɓa juna. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar rata. Sai wannan ta tofo wani ruwa, waccan ta karɓa, saƙo ya wuce. Ruwan nan kamar dillali yake tsakanin mai saye da mai sayarwa. To in jiki ya rasa bitamin B1, dillalin sai ya yi sanyi, ciniki ya tsaya. Ƙafa ta ƙi jin umarni, numfashi ya gajarta, tunani ya rikice. Shi maganin da aka ba ni daga bitamin ɗin aka ƙera shi, aka haɗa biyu wuri guda aka sa masu rigar maiƙo, don ya kutsa cikin ƙwaƙwalwa inda bitamin ɗin ke shiga da ƙyar. Furofesa so yake ya san ko dillalan yake ƙarawa, ko kuwa kunnen mai karɓar saƙon yake buɗewa."

"Kai kuma mi ne naka a ciki?"

"Keji biyu. Duka ina ba su farar shinkafa zalla, wadda aka sheƙe dusarta tas, don bitamin ɗin a dusa yake. Daga buhun Alhajinmu na gida ma nake ɗiba, babu wadda ta kai ta fari a garin nan. Na kejin dama ina ba su maganin. Na hagu ba na ba su komai."

"Na hagun mi suka yi maka?"

"Ba su yi komai ba. Da su ake aunawa. In babu su, na daman ba su da amfani."

Hamidu ya girgiza kai. "Allah shi kiyashe mu da kejin hagu. B1 kau, ni rabona da in ga kwalbarta tun kahin azumi. Baƙin nan sun shanye. Na aika Maraɗi, can ma an ce babu." Ya zuba ƙanƙarar cikin akwatin, ya rufe ta da garin katako. "Af, ya ƙahwar Alhaji? Ran kasuwa na ga motar gidanku ƙohwar wani mai magani, an tallabo shi."

"Lafiyarsa lau. Da safen nan na gaishe shi."

Ba ƙarya ya yi ba, ya gaishe shi. Idirisa ɗan fari ne, kuma a gidan Alhaji Jibo kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka yaye shi aka kai shi Jiratawa wurin kakarsa, daga can sai lakwal, makarantar boko, sai Yamai, sai Faransa. Uwarsa Hajiya Maijidda ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da uban kuwa, kullum da safe yakan durƙusa a bakin ƙofa, labule a sake, ido a ƙasa, ya ce "Ina kwana, Alhaji." Murya ta fito daga ciki ta ce "Lahiya lau." Shi ke nan, an gama zumuncin ranar. Ya lura dai Alhaji ya daina zuwa lambunsa na Jiratawa, ya daina zama a zaure, ya ce a ransa ai kasuwar gyaɗa ce ta mutu, me zai fito yi? Yanzu ma maganar Hamidu ta ɗan sosa masa zuciya, amma sai ya ga ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin akwati, ya hau mobilet ko godiyar kirki bai yi ba.

Duk hanya hannunsa ɗaya na baya yana taɓa akwatin. Gulbi ya bushe, yashi ne kawai. Ya wuce jerin bukkokin 'yan gudun fari a gefen gari bai ko juya ba, yana lissafin abin da zai fara yi: wuƙa, almakashi, ƙananan kwalabe, na dama daban, na hagu daban. Wani mai amalanke ya tare hanya a Sabon Gari, Idirisa ya yi ta danna ƙaho har mutane suka bi shi da kallo suna cewa ɗan Alhaji Jibo dai boko ya taɓa shi.

Ɓerayen a tsohon siton gyaɗa suke, can bayan gida. Shekara da shekaru ana kashe ɓera a ɗakin nan da tarko da guba da kyanwa, yau ga shi gyaɗar ta ƙare, ɓera ne mai ɗaki, har da mai yi masa hidima. Idirisa ya ajiye akwatin a inuwa, ya buɗe ƙofa, ya tsaya cak.

Na kejin hagu, waɗanda ya kamata ya tarar kwance suna jan ƙafafun baya suna haki, su ne suke hawan waya. Ɗaya har ya zauna kan gindinsa yana wanke fuska. Jiya ya ga kamar sun ɗan yi kuzari, ya ce ko idonsa ne, ya wuce neman mai gyaran firigo. Ya durƙusa ya leƙa. A kusurwar kejin, ƙarƙashin kwanon ruwa, ga ɗan abin da tsintsiya ba ta kai gare shi ba. Ya dangwalo da yatsa ya shinshina. Dusar gero ce.

Aikin watanni ya tafi a tafin hannu ɗaya na dusa.

Ya tarar da Hajiya Maijidda a tsakar gida, kusa da madafa, tana tsince shinkafa a faifai. Jar akuyarta na ɗaure a turke gefenta. Ya tsaya a kanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajiya, wa ya shiga sito?"

Ba ta ɗago ba. Ta juya wajen akuyar, kamar yadda ta saba in dole ta yi masa magana.

"Ke kin ji, wai ana tambaya wa ya shiga sito. Sai ka ce gidan baƙi."

"Hajiya, wa ya ba su dusa?"

"Dusarki ce na ɗiba kaɗan," ta ce wa akuyar, "ki yahe mani. Tun shekaranjiya nake ɗiba. Gidan ga ba a taɓa raba abu a ba wani a hana wani shina kallo ba. Ko yunwar bana ba ta sa mun yi haka ba."

"Ba yunwa ba ce, aiki ne!" Muryarsa ta tashi har kajin da ke tsakar gida suka watse. "Kin san abin da kika zubar? Gobe jirgi zai tashi. Mi zan aika? Mi zan ce wa mutumin da ya yarda da ni? In ce uwata ta ji tausayin ɓera?"

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Da ta yi magana, har yanzu akuyar take kallo, amma muryar ta canza.

"Hwaɗa ma mai ɓeraye ni ban yi lakwal ba, ban san aikinshi ba. Na leƙa ne na ga suna jan ƙahwa, suna bin bango, suna haki. Na ce wagga tahiya ai na san ta. Kullum ina ganinta. Na yi ta jira mai ilimi shi ɗaga kai shi gani, shi ko idonshi na ƙasa, ɗa mai kunya. Wancan ban da yadda zan yi da shi. Waɗannan ko dusa na iya ba su. Ban iya kallon abu guda wuri biyu ba."

Idirisa ya ji maganar amma fushi ya toshe masa kunne. Ya juya ya koma sito ya banko ƙofa. Ya yi ta kai da kawo tsakanin bango da bango, yana zama yana tashi. Can sai ya zaro kwalbar maganin daga aljihu ya ɗaga ta wajen haske. Ba ta ƙare ba, akwai kusan rabi. Zuciyarsa ta ɗan sauka. In ya sake farawa daga tushe, ya sa wa ƙofar kwaɗo, ya aika wa furofesa waya ya roƙi a ƙara masa lokaci, abin da ya rage zai isa, daidai wa daida, ba ragi. Wata kwalbar kuwa babu ita a ƙasar nan kaf. To, haka za a yi. Ya fara kwashe dusar da hannu yana watsarwa ta taga.

Tagar siton ƙarama ce, tana kallon ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin Alhaji da makewayi. Bai taɓa tsayawa a gabanta da rana ba, kullum wannan lokacin yana ofis. Ana kiran azahar ya ga labulen ɗakin ya motsa. Da farko hannu ne ya fito ya dafa bango, sannan mai hannun.

Ya kusa kawar da kai, don haka jikinsa ya saba. Bai kawar ba.

Alhaji Jibo, wanda a da in ya shiga kasuwa sai an buɗa masa hanya, ya ɗaga gwiwa sama kamar mai taka matakala, ya saki ƙafar ta faɗi ƙasa, faf. Ya ɗaga ɗayar, faf. Taku kaɗan ya tsaya ya jingina da bango, baki a buɗe, ƙirji na sama da ƙasa. Da ya sake ɗaga ƙafar hagu sai takalmin ya zame ya tsaya a baya. Alhaji bai sani ba. Ya ci gaba da tafiya, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tsirara a kan ƙasar da rana ta gasa, fuskarsa ko motsi ba ta yi ba.

Idirisa ya san tafiyar nan. Watanni yana rubuta ta kullum, yana auna ta, yana murna in ta bayyana a kejin hagu a kan lokaci. Kunya ta kama shi, wata irin da bai taɓa ji ba, ba irin wadda aka koya masa ba. Tsoro ya biyo bayanta, don ya san abin da hakin nan yake nufi, ya kuma san inda yake ƙarewa.

Ya jira har Alhaji ya yi alwala ya koma ciki ya idar da salla a zaune. Sannan ya fita ya ɗauki takalmin. Ya je bakin ƙofa ya yi sallama, gwiwarsa ta fara lanƙwasa da kanta za ta durƙusa inda ta saba. Ya ɗaga labulen ya shiga.

Ɗakin na warin man zafi da turaren mai magani. Alhaji na zaune a bakin gado, ya yi saurin jawo babbar riga ya rufe ƙafafunsa. Ya tsufa ƙwarai, kumatunsa sun faɗa, ba haƙori ko ɗaya a gaba. Idirisa bai san ranar da suka zube ba.

"Lahiya?" in ji Alhaji, yana kallon bango.

"Alhaji, a yi mani gafara. Zan ga ƙafar."

Bai jira izini ba. Ya ɗage rigar. Ƙafafun sun kumbura har sheƙi suke yi. Ya danna ƙauri da babban yatsa, ramin ya zauna bai koma ba. Ya mintsini tafin ƙafar da ƙarfi.

"Ka ji?"

"In ji mi?"

"Alhaji, mi kake ci?"

"Abin da mai hali ke ci." Muryar ta ɗan tashi, tsohon kuzarin ya leƙo. "Shinkahwa, hwara tas. Burodi da shayi. Nama ya hi ƙarhin bakina, nono kau shanun sun mutu. Uwarka ta so ta dama mani kunun gero, na ce a'a. Ni na ci dusa ina yaro, shekarar da hwara ta cinye gero, har da ta jaki muka ci. Na rantse in Allah ya buɗa mani, abin da bai yi hwari ba ba ya shiga bakina." Ya tsaya ya ja numfashi. "Mai magani ya ce sammu ne na abokan kasuwa. Ni ko na ce wace kasuwa ta rage da za a yi mani sammu a kanta?"

Idirisa ya waiga. A gefen gado ga kwanon abincin rana, an ci rabi. Buhu ɗaya ne da wanda yake ɗiba kullum da mudu ya kai sito.

Alhaji ya ɗan juyo, bai dai kalle shi sosai ba.

"Na ji hayaniyarku ɗazu. Bangon ga ba ya riƙe magana. An ce keji biyu gare ka, wasu kana ba su magani, wasu kana aunawa da su." Ya yi murmushi da bakin da ba haƙora. "To ni a wane keji ka sa ni?"

Kwalbar na cikin aljihun Idirisa, yana jin nauyinta a cinya. Hamidu ba shi da bitamin ɗin, Maraɗi babu, kunun gero zai taimaka amma a hankali, kuma ƙirjin nan da yake kallo ba na jira ba ne. Ya san adadin da ake ba mutum, a Faransa an fara sayar wa masu kasala. Ya kuma san in ya buɗe ta a ɗakin nan, ba sauran abin da za a sake farawa da shi, furofesa zai nemi wani ɗalibin, shi kuma zai tsufa yana yi wa awaki allura. Yana son komawar nan, Allah ya sani, yana sonta har cikin ƙashinsa. Ya tashi ya fita.

A inuwar sito akwatin ya jiƙe, ƙanƙarar ta koma kamar dunƙulen hannu. Ya ɗauraye ta, ya jefa a kofin silba, ya cika da ruwan randa. Da zai wuce ta gaban madafa ya tsaya. Hajiya na nan inda ya bar ta. Ya dubi akuyar.

"Ki faɗa wa Hajiya a dama kunun geron nan, kada a tace shi sosai. In ya ƙi, ni zan ba shi."

Hajiya ta ture faifan shinkafar gefe ta miƙe.

Ya koma ɗakin, ya durƙusa, ya karkaɗo ƙwayar a tafin hannunsa ya miƙa. Alhaji ya dube ta.

"Na ɓerayen ne?"

"Na kejin dama."

Tsohon ya ɗauka ya haɗiye, ya bi da ruwan, ya riƙe kofin da hannu biyu. "Kai, da sanyi. Ina ka samo ƙanƙara cikin wagga shekara?"

"Tibiri."

"Har Tibiri, don ni?"

Idirisa ya juya wajen ƙofa. Ya jawo takalmin da ya ajiye a bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafar hagun a hankali ya sa mata. Alhaji ya sunkuyo yana kallon ƙafar kamar ta wani ce, sai yanzu ya gane ba takalmi ya dawo.

"Ka ji hannuna?" in ji Idirisa.

"Tukuna."

"To, ina nan. Zan sake tambaya da la'asar."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon, ƙafar na kan cinyarsa.